Mashigin Anaca, 1967

Mutanen Lambata da Suleja sun san Janar Murtala Muhammed da abu biyu, dukansu na ran 3 ga Fabrairu 1976: shi ya ƙirƙiro Jihar Neja, shi kuma ya tsai da shawarar mai da babban birnin ƙasa daga Ikko zuwa maƙwabtansu, har tsohuwar Abuja ta bar sunanta ta koma Suleja. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne labarin mashigin Anaca.

Cikin watan Oktoba 1967, Murtala yana riƙe da Runduna ta Biyu, ya kori sojan Biyafara daga Jihar Tsakiyar Yamma har ya iso Asaba, inda sojansa suka karkashe farar hula masu yawa, tabon da bai goge ba. Ga Anaca a tsallake, amma Biyafara ta karya gadar Kwara da aka gama a 1965. Hedkwatar soja a Ikko ta ba shi shawara ya haura arewa ya ƙetare a Idah, inda babu abokin gaba. Ya ƙi.

Aka yi ta ruwan igwa, sa'an nan aka loda soja cikin jiragen fito. Sun sauka, sun shiga gari, amma maimakon su kafa sansani sai suka faɗa wa babbar kasuwa da wasoso, kasuwar kuwa ta ƙone. Mayaƙan Biyafara, cikinsu har da Joe Achuzie, suka juyo suka rutsa su, gaba wuta, baya kogi, ba gudummawa. Yaron da ya tashi a tudu, bai taɓa iyo ba, ga takalmi da bindiga, ina zai nufa? Da yawa ruwa ne ya ci su.

Na farko ana iya cewa ƙaddara. Amma aka sāke na biyu, aka sāke na uku, ta mashigi guda, abokin gaba na zaune yana jira. Wannan kam taurin kai ne, ko da na jarumi ne.

Daga bisani ya bi ta Idah ɗin, ya gangaro ta Awka, Anaca ta faɗi cikin watan Maris 1968.