Wani a Tafe ya Kwana

A watan Yuni na shekarar 2018 na yi kwana tara a birnin Landan, ina bin diddigin wasu waƙoƙin Hausa na ajami a laburaren SOAS. Daga makarantar zuwa Gidan Tarihi na Birtaniya tafiyar minti biyar ce a ƙasa, shiga kuma kyauta. Tun kafin in bar gida ɗalibaina suka ɗora mini nauyi, cewa lallai in je in ga kayan tagullar Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, in dawo musu da labari. Wasunsu a kusa da Benin aka haife su, amma a hoto kaɗai suka san kayan.

Da yake da sanyin safiya ake kamun fara, sai na isa ƙofar gidan tun kafin ƙarfe goma, lokacin buɗewa. Ashe ina sammako wani a tafe ya kwana. Na tarar da layi ya miƙe, ga 'yan makaranta, ga ayarin 'yan yawon buɗe ido kowane da jagoransa. Ana buɗewa jama'a ta kwarara wajen Dutsen Rosetta, ni kuwa ban ga komai ba sai ƙeyar mutane da wayoyi a sama. Na sauka ɗaki na 25, inda kayan Afirka suke, can ma da na tsaya sai a matsa ni gaba. Da ƙarfe ɗaya na fita neman abinci, na iske ma'aikatan ofisoshi sun cika ko'ina. A tsaye na ci burodi a bakin titi, da digirin digirgir ɗina da komai.

Wani dattijo mai gadin ɗakunan ne ya cece ni. Ya ce ranar Juma'a ba a rufewa sai takwas da rabi na dare, kuma da yamma ayarin duk sun watse.

Ranar Juma'ar na yi salla a babban masallacin Regent's Park, na danne yunwa har ƙarfe uku, sannan na shiga wani gidan abincin Larabawa a titin Edgware. Kujeru duk babu kowa, har mai kawo abinci ya sami sukunin tambayata labarin Nijeriya. Ƙarfe bakwai na koma gidan tarihin, rana tana nan fayau, domin a Yuni ba ta faɗuwa sai bayan tara. Na ga Dutsen Rosetta da rubutunsa iri uku, amma ban daɗe ba.

A ɗaki na 25 mu huɗu ne kacal. Na tsaya gaban allunan tagullar kusan sa'a guda. Ga Oba riƙe da damisa biyu, ƙafafunsa siffar kifi. Ga Turawan Fotugal da dogon gashi da huluna, kamar yadda maƙeran Benin suka gan su a ƙarni na 16. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hudojin da ke gefen allunan, inda ƙusoshi suka riƙe su a ginshiƙan fada. Da safen nan ban lura da su ba sam. Na ɗauko littafina don in rubuta wa ɗalibai bayani, ban wuce layi uku ba aka fara sanarwar rufewa.