Bango Na Da Mai Shi

Yau dai ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, labarin bango ne, don haka sai ku yi haƙuri da ni.

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta ratsa Anka ta bi ta Ɗaki Takwas har Gummi ya san abin da ke jikin bangayenmu: fastocin 'yan takara wani kan wani, tallan mai maganin basir da lambar wayarsa, sai kuma gargaɗin kada a yi fitsari. Ya kuma san cewa fastar ɗan adawa ba ta kwana a bangon gidan ɗan jam'iyya mai mulki, kafin asuba an ɗaye ta. Wannan ƙaramin abu ne ya sa da na karanta tarihin masu zanen bango na ƙasar Meziko ban ji shi baƙo ba, sai ma ya tuno mini da abin da ya faru da marubutanmu da mawaƙanmu a Kano tsakanin 2007 da 2009.

Meziko ta yi juyin juya hali wanda ya fara a 1910, aka kwashe kusan shekara goma ana zubar da jini. Da ƙura ta lafa, mafi yawan talakawan ƙasar ba su iya karatu ba. Sai ministan ilminsu, José Vasconcelos, wanda ya kama aiki a 1921, ya damƙa wa masu zane bangayen makarantu da na ma'aikatu, ya ce su zana tarihin ƙasar yadda manomi da lebura za su kalla su gane. Mutum uku suka yi fice: Diego Rivera da José Clemente Orozco da David Alfaro Siqueiros. Sunansu ya kai Amurka, har attajiran can suka shiga gayyatarsu.

A nan ne aka yi ta. A 1933 iyalan Rockefeller, waɗanda kuɗinsu ya fi ƙarfin lissafi, suka ɗauki Rivera ya yi musu zane a zauren wani katafaren gininsu da ke birnin Niyu Yok. Shi kuwa ɗan gurguzu ne, kowa ya sani, su ma sun sani. Aiki ya yi nisa sai ga fuskar Lenin, jagoran juyin juya halin Rasha, ta bayyana a jikin bango. Nelson Rockefeller ya rubuta masa takarda cikin ladabi cewa ya cire. Rivera ya ce atafau, in ana so dai ya ƙara fuskar Abraham Lincoln a ɗaya gefen. A watan Mayu aka biya shi kuɗinsa cif, dala 21,000, aka sallame shi, aka rufe zanen. A Fabrairun 1934 ma'aikata suka shiga da dare suka farfashe shi, aka kwashe ɓaraguzan.

Shi Siqueiros nasa ya riga wannan. A 1932 aka ba shi bango a titin Olvera na birnin Los Anjalis, ana sa ran zai zana itatuwa da tsuntsaye don masu yawon buɗe ido. Sai ya zana ɗan asalin ƙasa an gicciye shi, mikiyar Amurka tana bisa kansa, ga wasu 'yan tawaye biyu a gefe riƙe da bindiga. Ba a jima ba aka fara shafe shi da farar ƙasa, daga baya aka shafe shi gaba ɗaya. Ikon Allah, farar ƙasar nan ita ta kare shi daga rana da ruwan sama. Wajen ƙarshen shekarun 1960 ta fara ɓarewa, zane ya riƙa leƙowa, daidai lokacin da matasa 'yan asalin Meziko mazauna Amurka ke fafutukar neman haƙƙinsu. Suka ɗauke shi uban gida, suka cika unguwanninsu da irin zanensa. A Oktoban 2012, shekara 80 cif bayan an zana shi, aka buɗe shi ga jama'a.

To mu fa? Mu ba mu gaji zana fuskoki a bango ba, malamanmu suna da magana a kan surar abu mai rai, shi ya sa maginan Zariya da Kano suka tsaya ga dagi da takobi da zayyana, in sun yi nisa su ƙara keke ko agogo. Abin da Rivera ya yi da fenti, mu da baki da alƙalami muka yi shi. A ganina, ƙananan littattafan nan da aka riƙa bugawa a Kano tun daga tsakiyar shekarun 1980, waɗanda Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa suna Adabin Kasuwar Kano, su ne bangonmu. A cikinsu ne Balaraba Ramat Yakubu ta zana mijin da ke korar uwar 'ya'yansa don ya yi amarya, cikin Alhaki Kuykuyo Ne na 1990. A cikinsu aka zana auren dole, da yarinyar da aka cire daga makaranta, da attajirin da ke auna surukinsa da ma'aunin kuɗi. Kuma kamar a Meziko, mutanen da aka yi abin dominsu ba 'yan jami'a ba ne.

Ina yaro a Gummi akwai wani mai teburi da ke ba da hayar littattafai. Kayansa daga Kano suke zuwa ta Gusau, kuma ba ya taɓa ba ka na ɗaya da na biyu tare. Gwaggona ba ta yi boko ba, yaƙi da jahilci kawai ta taɓa, amma ita ce babbar mai cinikinsa ta hannuna. Takan ce, "Kai ɗan nan, tai ka amso min na biyu, kuma kada ka bari Malam shi gani." Bayan sallar isha'i mata huɗu ko biyar su kewaye fitilar ƙwai, yayata tana karantawa, su kuma suna yanke hukunci. Wata ta tsine wa kishiyar cikin littafi, wata ta yi shiru don labarin ya zo kusa da ɗakinta. A wajen nan na fara jin mata suna faɗin abin da ba sa faɗa da rana, sun fake da sunan mutanen da ba su wanzu ba.

Jihar Kano ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001, amma wuta ba ta kama sosai ba sai 2007. A shekarar ne, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, gwamna Malam Ibrahim Shekarau ya jagoranci ƙona littattafan hikaya da aka ƙwace daga hannun 'yan mata 'yan makaranta. A shekarar ne kuma, bayan wani abin kunya da ya girgiza masana'antar fim, aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar. Aka ɗaure Adam A. Zango kan faifansa Bahaushiya. A 2008 aka ce kowane marubuci sai ya yi rajista, a kuma duba littafinsa kafin ya shiga kasuwa, aka yi ta kai ruwa rana da ƙungiyoyin marubuta. A ƙarshen wannan shekara aka yanke wa Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama hukuncin ɗauri kan fim ɗinsa Tsintsiya, sai a 2009 babbar kotu ta soke hukuncin. A 2009 ɗin dai wata kotun tafi-da-gidanka ta haramta waƙoƙi 11, ciki har da Hasbunallahu ta Aminu Ala, wanda shi ma ya kwana gidan yari a kanta.

Mu da ke yammacin Zamfara dokar Kano ba ta hau kanmu ba, amma labarinta ya hau. Waƙoƙin nan 11 da yawanmu ba mu taɓa jin sunansu ba sai da aka hana su. Sai ga shi masu cajin waya sun mayar da jerin kotu jerin ciniki. Ka ba da memori a zuba maka, kai kuma ka tura wa abokinka ta bulutut a tasha ko a majalisa. Hukuma ta iya kama mai shago a Kano ta ƙwace faifai, amma ba ta da ɗan sandan da zai bi aljihun kowane ɗan acaɓa daga Anka har Bukkuyum.

Kada a ce na wanke marubuta tas. Akwai littattafan da ni kaina ba zan so in gani a hannun ɗiyata ba, kuma uban da ya damu da abin da 'yarsa ke karantawa ba azzalumi ba ne. Shi ma Rivera ba kullum yake da gaskiya ba. A 1947 ya rubuta kalmar musun samuwar Allah a wani zane da ya yi a otal ɗin Prado na birnin Meziko, jama'a suka fusata, aka rufe zanen shekara tara, har shi da hannunsa ya goge kalmar a 1956. Ban ga laifin waɗanda suka fusata ba. Abin da ke damuna da tacewar Kano shi ne inda sandar ta fi sauka. Da yawa daga waƙoƙin da aka hana ba batsa ce a cikinsu ba, martani ne ga masu tacewar kansu. Iyan-Tama kuwa an san shi da fina-finan da ba ruwansu da rawar banza, kuma ya tsaya takarar gwamna a 2007. Da sunan tarbiyya aka fara, amma mai bango ne ya ga fuskar da ba ya so.

Sai dai akwai wani daɗin baki da muke yi wa kanmu, wai duk abin da aka hana ba ya mutuwa. Ba haka ba ne. Zanen Rivera na Niyu Yok ya mutu murus. Abin da ya cece shi wata mataimakiyarsa ce, Lucienne Bloch, wadda ta ɗauki hotunansa a ɓoye kafin a kore su. Da hotunan nan ya koma gida ya sake zana shi a 1934 a fadar Bellas Artes ta birnin Meziko, har ya ƙara da mahaifin Nelson, mutumin da ba ya shan giya, zaune a gidan rawa kusa da masu shaye-shaye. Ramuwar gayya ke nan. Da yarinyar nan ta ji tsoro ta bar kyamararta a gida, da yau sai dai a ba da labari. Na Siqueiros ma da ya tsira, launinsa ya kwanta, kamar inuwar abin da aka zana ake kallo.

Mu namu littattafan, waɗanda wutar 2007 ta ci ba su kai ko kusa da waɗanda gara da ɗigar ɗaki suka ci ba. Takardar mai arha ce, bugu ɗaya ake yi, marubuciya ta yi aure ko ta rasu, shi ke nan. Ka je neman na uku na wani littafin 1995 ka ga yadda za ka sha yawo. Abin kunya ne a ce ɗaya daga cikin manyan taskokin waɗannan littattafai a Landan yake, inda Graham Furniss na makarantar SOAS ya tattara su aka yi musu kundi. Littafin Balaraba da na ambata, wani kamfanin ɗab'i na Indiya ne ya fitar da fassararsa ta Turanci a 2012, wadda Aliyu Kamal ya yi. Allah ya saka musu, amma ina namu hannun?

Yanzu za a ce ai an wuce wannan, marubuta sun koma waya, labari na fita shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad da Facebook, babu mai ƙona shi. Mu mutanen Zamfara mun san amsar wannan. A farkon Satumban 2021 aka kashe layukan waya a duk faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. Ko matakin ya yi amfani ko bai yi ba, wannan muhawara ce ta daban, kuma wanda aka sace masa ɗan uwa ba zai tsaya kukan labarin soyayya ba. Abin da na gani dai shi ne cikin dare ɗaya bangon da muke taƙama da shi ya ɓace, don ashe shi ma yana da mai shi. Gusau ta samu nata sabis bayan kusan wata guda, mu na nesa sai da muka haura wata biyu. Wanda ke da uzuri sai ya shiga mota ya tsallaka jihar Sakkwato ko Kebbi ya buga waya ya dawo. Shekara guda bayan haka, a Oktoban 2022, gwamnatin jiha ta ba da umarnin rufe wasu gidajen rediyo da talabijin, har da NTA ta Gusau, saboda sun ɗauki taron 'yan adawa, kodayake ba a jima ba ta janye.

A watannin nan na rashin sabis, ƙannena mata da suka saba bin labari a waya suka rasa abin yi da dare. Wadda ta taɓa adana shafuka a wayarta ta zama sarauniya, ana layi a kanta. Waɗanda suka bar nasu a zaure suna cewa ai yana nan, suka tashi a tutar babu. Daga nan wata ta tuna da akwatin ƙarfen Gwaggo, Allah ya jiƙanta, wanda ke ƙarƙashin gado tun rasuwarta. Aka buɗe, aka tarar da littattafai sun fi talatin, waɗanda ta saya daga baya da mai teburin nan ya tashi daina sana'a. Gara ta cinye kusan rabi. Wasu babu bango, wasu babu sunan marubuci, wani na ɗaya da na uku ne kawai. Suka karanta na ɗaya, suka tsallaka na uku, abin da ya faru a na biyu kuwa sai da suka kwana uku suna gardama a kansa, kowace da nata.