Gadon Gidan Bennet: Nasiha ga Jikata

Kishiyata, uwarki ta ce min bana littattafan matan Ingila na ƙarni na 19 aka ɗora muku a jami'a, kuma wai kin ce ba komai cikinsu sai soyayya da shan shayi. To ki ba ni aron hankalinki, domin na koyar da wasunsu tun uwarki tana goye. Duk wanda kika buɗe, kafin ki tambayi wa ke son wa, ki fara tambayar gidan nan na wane ne, kuma wa zai gaje shi.

Ɗauki Pride and Prejudice na Jane Austen, wanda ya fito a 1813. Mista Bennet 'ya'yansa biyar, duk mata. Gidan da suke ciki da gonakinsa an ɗaure su da sharaɗin cewa sai namiji zai gada, saboda haka ranar da uban ya kwanta dama, wani danginsa na nesa, Mista Collins, zai iya fitar da su da kayansu. Ɗalibaina sukan yi wa uwar 'yan matan dariya don ba ta da zance sai na aurar da 'ya'ya. Ni ban taɓa iya yi mata dariya ba. Surutu gare ta, gaskiya ne, amma ita ce lissafin ya hana barci a gidan. Ɗaya daga cikin 'yan matan, Elizabeth, ta ƙi auren Collins, kowa ya yaba mata. Ƙawarta Charlotte Lucas, mai shekara 27, ba kyau ba dukiya, ta karɓe shi ido buɗe don ta sami rufin asiri. Kada ki raina ta. Marubuciyar ta tanadar wa Elizabeth wani Darcy mai samun fam 10,000 a shekara, amma a zaman da na yi a duniya, Charlotte na fi gani. Ita kanta Austen ba ta yi aure ba, sunanta bai hau kan littafin ba tana raye, kuma fam 110 ta sayar da haƙƙinsa.

Auren ma ba tudun mun tsira ba ne. A dokar Ingila ta lokacin, mace in ta yi aure ta shige cikin mijinta ke nan: kuɗin da ta zo da su nasa ne, abin da ta samu da guminta nasa ne, 'ya'yan ma nasa ne. Wata marubuciya, Caroline Norton, mijinta ya raba ta da 'ya'yanta maza uku a 1836, daga baya kuma ya nemi kuɗin rubutunta, doka tana bayansa. Ba ta zauna kuka ba. Ta yi ta rubuce-rubuce tana matsa wa 'yan majalisa, har a 1839 aka yi dokar da ta ba uwa damar roƙon kotu ta bar mata yaran da ba su kai shekara 7 ba. Sai a 1870 matar aure ta mallaki ladan aikinta, sai a 1882 ta mallaki dukiyarta baki ɗaya.

In kin riƙe wannan, za ki gane nauyin littafin da na fi so, The Tenant of Wildfell Hall na Anne Brontë, na 1848. Helen ta auri mashayi tana zaton za ta gyara shi, kamar yadda 'yan mata da yawa ke zato har gobe. Da ta ga ya fara koya wa ɗansu shan giya da ashar, sai ta shiga tara kuɗi a ɓoye don ta gudu. Ya gano, ya kwashe kuɗin da kayan adonta, ya ƙona kayan zanenta. Ki lura da abin da ya ƙona. Ya san ba ƙafarta ce za ta fitar da ita ba, sana'arta ce. Daga baya ta fita da yaron, ta canja suna, tana sayar da zane suna ci, ɗan'uwanta namiji ya ba ta wurin zama. A idon doka kuwa, satar ɗan da ta haifa ta yi.

Jane Eyre na yayar Anne, Charlotte Brontë, na 1847, kusan hanya ɗaya ya bi. Marainiya tana koyar da yarinya a gidan mai kuɗi kan fam 30 a shekara. Ranar ɗaurin aurenta da maigidan, Rochester, ta gano yana da mata a kulle can saman bene, ta fice ba ko guzirin kirki. Ba ta koma ba sai da ta gaji fam 20,000 daga baffanta, ta raba da 'yan'uwanta uku, ta tsaya da ƙafarta. Sai dai akwai abin da ke ci min rai a littafin. Matar nan da aka kulle, Bertha, daga Jamaika aka auro ta saboda dukiyar ubanta, kuma marubuciyar ba ta bar ta ta faɗi nata ba. In malaminku bai taɓo wannan ba, ke ki ɗaga hannu.

'Yan gidan Brontë su uku sun ɓoye a bayan sunayen Currer, Ellis da Acton Bell don kada a gane mata ne. Tun a 1837 babban mawaƙin ƙasar, Robert Southey, ya ba Charlotte shawarar cewa adabi ba aikin mace ba ne. Mary Ann Evans, mai Middlemarch, da sunan George Eliot duniya ta san ta. A wannan zamanin kuwa Nana Asma'u 'yar Shehu tana rubutu a ƙasar Sakkwato da sunanta, da Larabci da Fulatanci da Hausa, tana tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka suna karantar da mata. Saboda haka kada ki karanta su kina jin kamar daga can aka fara sanin darajar mace.

Amma kada ki yi tutiya kuma. Na sha jin 'yan boko da malamai suna cewa addini ya ba mace gado da sadaki da mallakar dukiyarta fiye da shekara dubu kafin Ingila ta farka. Gaskiya ne, yana nan cikin Suratun Nisa'i. To, nawa ne ya iso hannu? Na yi aiki da malamar da ranar albashi mijinta ke jiran ta a bakin makaranta. Na ga mata da aka ce musu gidan gado ba a rabawa, a bar zumunci, suka yi shiru, bayan shekaru maza suka sayar suka miƙa musu kuɗin atamfa. Su Caroline Norton doka ce ta hana su, suka yi faɗa da ita da alƙalami. Mu an ba mu, kunya ce ke hana mu miƙa hannu, da tsoron a ce wance ta kai 'yan'uwanta ƙara.

Ba nesa zan aike ki ba. Gonar da kakanki ya bari, har yau kawunki ke noma ta, rabon uwarki yana ciki, ba a fitar ba. Ɗana ne, ni na haife shi, kuma ba mugu ba ne. Ba a tambaye shi ba ne, shi kuma bai ga dalilin tunawa ba. In kin zo hutu, ki raka uwarki wurinsa da ladabi, a kira malamin da ya san rabon gado, a auna, a rubuta da shaidu tun ina raye. Ki kuma riƙe karatunki har ki karɓi takardarki, ko wane ne ya zo neman aurenki. Allah ya yi miki albarka.