Ranar da Macijiya ta Ba Ni Kunya a Gaban Surukata

 Wani abu ne ya same ni shekaru sama da 20 da suka wuce, wanda har yau in na tuna shi sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige, kuma ba kowa ya jawo mini ba illa fim ɗin Indiya da kuma ɗan banzan zumuɗi irin nawa.

Ni haifaffiyar birnin Zariya ce, cikin ganuwa, can wajen Kwarbai. A zamanin da muka taso babu 'yar mutuncin da za a gani a ƙofar silima, wannan sai samari masu tsallakawa Sabon Gari da dare. Mu namu kallon a gidan wani maƙwabcinmu ne mai bidiyo, wanda duk ranar Juma'a bayan la'asar matansa kan shimfiɗa tabarmi a falo, mu yara mu zube a ƙasa, manya su jeru a bayanmu. Lokacin ba a fara wannan fassarar ta Indiya-Hausa ba, don haka Yayata ita ce tafintarmu. Ba ta jin Indiyanci ko na sisin kwabo, amma wallahi in ta ce "cewa ya yi ba zai rabu da ita ba ko za a yanka shi", kowa ya yarda, domin kuwa fuskar jarumin ba ta taɓa ƙaryata ta ba.

A wannan falo ne a shekarar 1993 na fara ganin Nagin, wanda mu Macijiya kawai muke ce masa. Fim ne na 1976, wani darakta mai suna Rajkumar Kohli ya shirya shi. Reena Roy ce macijiyar, Jeetendra ne mijinta, sai Sunil Dutt, wato baban Sanjay Dutt wanda samarinmu ke kira Ɗan Daba Mai Lasin, tare da su Feroz Khan da Kabir Bedi da Vinod Mehra. Labarin ba shi da wani kwana-kwana. Wasu macizai ne biyu masoyan juna da ke iya rikiɗa su zama mutane, sai wasu abokai su shida suka je daji kallonsu, ɗaya daga ciki ya ga namijin ya koma maciji ya nufi macen, ya zaci sarar ta zai yi, ya ɗirka masa bindiga. Ita kuwa ta duƙa a kan gawar mijinta, ta leƙa cikin idonsa, ta ga hoton fuskokinsu duka. Daga nan fa ta shiga bin su ɗaya bayan ɗaya. Aka ba su layu su rataya, amma a banza, domin sai ta zo wa mutum a siffar mace ta yi ta lallaɓa shi har layar ta bar wuyansa.

Abin da ya sa ya shige mu, ai maciji ba baƙonmu ba ne. Gidajenmu na ƙasa ne, rufin azara, ga kangwaye, ga kududdufai, ga gindin rimaye. Da damina ba a rasa jin an kashe kumurci a gidan wane. Mun taso an hana mu kiran sunansa da dare, sai dai a ce igiyar ƙasa. To ku auna yarinya 'yar shekara 10 da aka ce mata wannan abu yana iya zama mace mai kitso da awarwaro ya yi sallama a ƙofar ɗaki! Na fi wata guda ba na zagayawa da dare sai Yaya ta riƙa mini fitilar ƙwai. Ran nan na taka igiyar guga a bakin rijiya, ihun da na kurma sai da Baba ya fito da sanda, ba ko hula.

Amma akwai abin da na gani a ranar kallon wanda ban gane ba sai da na girma. Mu yara muna ta ɓoye fuska a cikin zane, na waiga sai na ga wata Goggonmu tana share hawaye da bakin mayafi. Ba ta daɗe da fita takaba ba a lokacin. Na ce a raina, ita kuma wannan me ya kai ta tausayin macijiya?

A shekarar 2003 aka ɗaura mini aure aka kai ni Anguwar Juma, gidan gandu, inda surukata Hajiya ke zaune da 'ya'yanta maza uku da matansu. Cikin kayan ɗakina har da talabijin mai kala da na'urar CD sabuwa dal, abin da a lokacin ba kowace amarya ke samu ba. Hajiya mace ce mai kamewa, ba ta da faɗa, ba ta kuma da yawan magana. In na durƙusa na gaishe ta, sai ta ce "Lafiya lau Amarya, Allah ya yi albarka", shi ke nan. Tun ranar buɗar kai ba ta ƙara taka ɗakina ba, alhali ina ganin tana shiga na facalolina ta zauna har a yi hira. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, kullum ina neman hanyar da zan bi in shiga zuciyarta.

Ana nan sai wata facalata ta tsegunta mini cewa duk duniya babu fim ɗin da Hajiya ke so kamar Macijiya. Ba a yi kwana uku ba sai ga ƙanen maigidana ya shigo da gudu yana cewa, "Anti, albishirinki! An sake yin Macijiya sabuwa, mai shagon haya ya ce wanda ya yi ta farko shi ya yi wannan, ga Sunny Deol, ga Akshay Kumar, ga Sunil Shetty, duk a ciki!" Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Na ciro kuɗi cikin ɗan abin da na samu na sayen baki na ba shi, na ce ya kama mini shi na kwana biyu.

Sunan fim ɗin Jaani Dushman: Ek Anokhi Kahani, ya fito a 2002. Ko sunan ma aro ne, domin shi dai wannan daraktan ya taɓa yin wani Jaani Dushman a 1979, labarin wani dodo mai kashe amare. Da ina da wayo ai da daga nan na sha jinin jikina, ni da ko lallen ƙafata bai gama fita ba.

Maigidan ya ce mini, "Ki bari mu fara kallonsa mu biyu tukuna, kin san finafinan yanzu." Na ce haba, abin da na haddace tun ina firamare? So nake yadda Hajiya za ta gan shi sabo, ni ma in gan shi sabo, mu razana tare. Ya yi murmushi ya saka takalmansa ya tafi kasuwa. Ni kuwa na tashi na soya cincin, na haɗa zoɓo da citta da kanumfari, na turare ɗaki, na je na durƙusa na ce, "Hajiya, in ba za ki damu ba, an kawo ci gaban Macijiya, na ce ko za ki zo ki sa mana albarka." Ta dube ni, karo na farko na ga haƙoranta, ta ce, "Macijiya? To, ga ni nan bayan azahar."

Ɗaki ya cika maƙil. Facalolina biyu, 'yan matan gidan, yara, har da wata aminiyar Hajiya da ta zo daga Kusfa. Na ba Hajiya kujera, ni na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, na danna.

Tun ba a je ko'ina ba yara suka fara ƙyalƙyala dariya. Wai 'yan kwaleji ne, amma ga Sunil Shetty nan ya haura shekara 40, Akshay Kumar yana neman 35, suna ta tsalle-tsalle kamar 'yan aji uku. Aminiyar Hajiya ta ce, "Waɗannan ɗaliban ko malaman?" Ɗaki ya kwashe. Ni ma na yi yaƙe, ina cewa ku dai bari macijiyar ta fito. To ai ba ta fito ba. Wannan karon macijin namiji ne, Armaan Kohli, ɗan shi daraktan na cikinsa, ita kuwa Manisha Koirala an mai da ita 'yar makaranta da aka ce masoyiyarsa ce tun wata rayuwa da ta gabata.

Sannan aka zo wurin da ba zan taɓa mantawa ba. Wasu 'yan iska biyu cikin samarin suka yaudari yarinyar zuwa wani kango suka keta mata haddi, ita kuma ta kashe kanta. A gaban surukata! A gaban baƙuwarta, da 'yan mata, da yara ƙanana! Na zabura neman rimot, hannuna na rawa, maimakon in tura gaba sai na ƙara murya. Ɗaki ya yi tsit, ba ka jin komai sai ihun yarinyar. Hajiya ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, ta ce wa yaran, "Ku tashi ku je waje." Ita ba ta tashi ba, kuma wallahi da ta tashi da ya fi mini sauƙi. Kara ta yi mini, ta zauna har aka canza faifai.

Abin da ya biyo baya kuwa sai dai a ce innalillahi. Maciji ya sa baƙar rigar fata, a harbe shi ya lanƙwashe baya harsashi ya wuce, a fasa masa jiki ya haɗe kamar narkakkiyar dalma. Ƙanen maigidan da ke leƙe ta taga ya ce, "Anti, wannan ai satar Matrix ce da Terminator!" Ya fi ni sani, finafinan Amurka ne na 1999 da 1991. Babu wanda ya ɓoye fuska, babu wanda ya ce wayyo. Da aka kira la'asar Hajiya ta miƙe ta ce, "Sannu da ɗawainiya Amarya." Kofin zoɓonta yana nan yadda na ajiye shi.

Kafin magariba labari ya zaga gidan, kashegari ya tsallaka katanga, wai amaryar gidan Hajiya ta tara mutane ta nuna musu fim ɗin batsa. Har gidanmu maganar ta je, Inna ta aiko Yaya takanas ta zo ta wanke ni tas. Maigidan bai ce "ai na faɗa miki" ba, shirun nasa ma ya fi ciwo. Na yi mako biyu ina gaida Hajiya kaina a ƙasa, ina ajiye kwanon abincinta ina gudu.

Daga baya na ji cewa ko a can Indiya fim ɗin faɗuwa ya yi warwas, har yau kuma in ana lissafa finafinan da suka fi muni sai an ambace shi, matasa na kallonsa don dariya kawai. Mutane kan ce aikin kwamfutar ne ya kashe shi. Ni dai ban yarda a nan kaɗai matsalar take ba, domin na 1976 ɗin ma in kun kalle shi yau za ku ga dabarun ɗaukarsa duk na da ne. Abin da na gani shi ne, a tsohon, mace ce aka kashe wa miji tana kallo, ta tashi da kanta, ba ta jira wa ko ƙane ba. Kana tsoronta, kana kuma jin zafin da take ji, har ka rasa wa za ka goya wa baya, ita ko waɗanda take bi, tunda biyar daga cikinsu ba su harbi kowa ba. A sabon kuwa an ƙwace fansar daga hannunta an miƙa wa namiji, ita an wulaƙanta ta, an mai da ita fatalwa mai bin bayansa. Rajkumar Kohli ya rasu a 2023, kuma har ya bar duniya ban daina mamakin yadda mutum ɗaya ya yi waɗannan finafinai biyu ba.

Yaya ce ta fitar da ni. Bayan ta gama faɗanta, ta koma gidan maƙwabcin nan namu na Kwarbai, ta tarar kaset ɗin yana nan cikin kwali, ta aro shi har da tsohuwar bidiyon, ƙanenmu ya ɗauko a ka. Wannan karon ban gayyaci kowa ba, ban soya komai ba. Na bari sai da gida ya yi shiru da hantsi, na kunna, na ɗan ɗaga labule. Hoton yana rawa, layuka na gilmawa, amma da kiɗan farko ya tashi sai na ji takun takalmi a tsakar gida.

Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Wannan ita ce ta gaskiyar." Na matsa mata kujera, ta ce a'a, ta zauna a kan tabarma kusa da ni. Da aka zo inda Reena Roy ke leƙa idon mijinta, sai Hajiya ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Malam a hanyar Kano mota ta buge shi yana kan keke, direban bai tsaya ba. Da aka kawo shi ni na rufe masa ido. Sai da na duba ciki, Amarya. Ban ga kowa ba."

Ban san abin da zan ce ba, sai na ce Allah ya jiƙansa. Ta ce amin. Muka ci gaba da kallo, ina yi mata fassara irin ta Yaya, tana gyara mini, domin ashe ta fi ni haddace shi nesa ba kusa ba. Saura kaɗan a kai ga mutum na huɗu aka ɗauke wuta. Ta tashi tana gyara ɗaurin zanenta, ta ce kada in kuskura in mayar da kaset ɗin, in an kawo wuta in aika yaro ya kira ta ko tana barci.