Tawadar allo da kayen zanenmu



Mu huɗu ne a fadarmu muka fara wannan abu, bara da ɗari. Muna shan shayi, ɗayanmu ya ce bari ya gwada muna hoton garkar mahaifinsa ta bakin Tarka, wadda ruwa ya cinye rabinta. Ya duba waya, babu. Katin ya lalace, hotunan shekaru sun tafi. A nan muka ce to, mu samu kaye mu riƙa zana abin da muke gani, mu sa kwanan wata.

Ba wanda ya koyi zane a lakkol cikinmu. Amma dukanmu mun yi makarantar allo, mun san tawada: a daka gawayi ya yi laushi, a haɗa da ƙaro da ruwa, a feƙe alƙalami na kara. Da su muka fara. Madadin buroshi, muka tauna bakin icce kamar asuwaki.

Ranar farko mun sha dariya. Mun ja layukan rudun albasa tsaf, muna shafa ruwa don mu yi inuwa, sai komai ya dame. Ashe mun mance tawadar allo don a wanke ta aka yi ta! Daga baya muka juya aikin: a fara shafa tawada mai ruwa-ruwa, a bari ta bushe, sannan a ja layi. Wanda ke son layi da farko, sai ya yi da bik, ko da tawadar Sin ta kwalba, wadda in ta bushe ruwa bai cika ɗaga ta ba. Su ma mutanen Sin da baƙin hayaƙi da danƙo suke haɗa tasu tun zamanin da.

Yanzu murfin kwalba uku muke jerawa: mai kauri, tsaka-tsaki, da wadda kusan ruwa ce zalla. Daga mai haske ake farawa, don in baƙi ya hau takarda ba ya komawa. Inda rana ta buga, a bar farin takarda yadda yake. Takardar kaye kuwa ba ta son ruwa, kumbura take yi, shi ya sa muke manna mai kauri a ciki. Kuma in iskar ɗari na kaɗawa, sai ka yi sauri, kafin ka waiwaya ta bushe.

Wani dattijo ya tsaya kanmu ya ce, "Ku yara, ba dai mutane kuke zanawa ba?" Muka ce, "A'a Baba, itatuwa ne da duwatsu da rumbuna." Ya karɓi kayen ya daɗe yana dubawa, ya ce gawon da muka zana, a ƙarƙashinsa suke hutawa suna samari. Muka rubuta maganarsa a gefen zanen.

Gawon nan ya koya muna kallo. Kowa ya san da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, amma sai da muka zana shi sau shida muka ga yadda abin ke tafiya wata bayan wata. Zuwa na bakwai kututture muka tarar. Shi ma mun zana shi.

Tun daga nan in tafiya ta kama, da kaye muke fita. A kwarin Majiya, wajen Buza, mun zana layukan bedi da aka fara dasawa a 1975 tare da ƙungiyar CARE don tare iska. A Keita mun zauna kan tudu mun zana jerin duwatsun tare ruwa na aikin da aka fara a 1984 da tallafin Italiya, wanda mata suka ɗauki mafi yawan nauyinsa. Masu wannan wahala suna tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Wani wuri itatuwan na nan, wani wuri giɓi ya fi icce yawa. Duka biyun muna sawa a takarda, da sunan wurin da ranar.

Zanenmu bai yi kyau ba har yanzu, gaskiya ce. Rumbu kan karkace, dutsi kan yi kama da tulu. Amma kaye biyu sun cika, kuma ƙannenmu sun fara roƙon takarda.

Wanda ke da gawayi, ƙaro da tsohon kaye, ya zaɓi icce ɗaya ko bakin ƙorama ɗaya na garinsu, ya zana shi wannan wata, ya koma wata mai zuwa. In kun yi, ku gwada muna a nan. Allah ya ba mu damina mai albarka.