MAIDUGURI: GARIN DA BAƘI SUKA ZAMA 'YAN GIDA

Daga Kano zuwa Maiduguri tafiya ce ta kusan kilomita 600, ta Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu. Matafiyi yakan wuni yana ratsa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ga rairayi ga ƙaya, har ya fara hango duhun itatuwan darbejiya, to, sa'an nan ya san ya iso. Waɗannan itatuwa su ne adon garin, su ne kuma mafakarsa da bazara, sa'ad da rana take ƙuna kamar ta tsage ƙasa. Amma kaɗan ne daga cikin masu shan inuwarsu suke tuna cewa asalin darbejiya daga ƙasar Indiya ne, a zamanin Turawa aka baza ta a Borno. Ta zo baƙuwa ta yi saiwa, yau kuwa babu mai tambayarta daga ina ta fito. Haka labarin yawancin mutanen wannan gari yake.

Daular Borno ta haura shekara dubu, amma shi birnin yaro ne ƙarami in an gwada shi da Kano ko Katsina, domin a 1907 aka kafa shi. Kafin mai karatu ya gane dalilin kafa shi, tilas ne mu ɗan koma baya. A 1893 Rabe, wani mayaƙi da ya taso daga ƙasar Sudan da rundunar 'yan bindiga, ya ci Borno da yaƙi a zamanin Shehu Hashimi, ya ƙone Kukawa, birnin da Shehu Laminu ya gina a 1814, ya koma Dikwa ya kafa gadon mulkinsa. Shekara bakwai yana riƙe da ƙasar, har ran 22 ga Afrilu, 1900, da Faransawa suka kashe shi a Kusuri, bakin kogin Shari. A wannan rana ce kuma aka kashe kwamandansu Lami, wanda suka sa wa birnin Fort Lamy sunansa, watau Injamena ta yau. Ɗan Rabe, Fadlallah, ya ci gaba da faɗa, shi ma suka bi shi har Gujba suka kashe a 1901.

Kafin a yi waɗannan yaƙe-yaƙe, Turawa sun riga sun zauna a ƙasashensu sun raba Borno a kan takarda, ba tare da shawarar ko mutum ɗaya daga cikin masu ƙasar ba. Ingilishi suka ɗauki kaso mafi girma, Faransawa suka ɗauki arewa da gabashin tafkin Chadi, Dikwa kuma ta faɗa hannun Jamusawa. Gidan sarauta ma bai tsira ba. Faransawa sun naɗa Shehu Sanda Kura, ba a jima ba suka tuɓe shi suka ɗora ɗan'uwansa Abubakar Garbai. A 1902 Garbai ya ƙetaro ɓangaren Ingilishi suka karɓe shi a matsayin Shehun Borno, Jamusawa kuma suka riƙe nasu Shehun a Dikwa. Gida ɗaya, Shehu biyu, ƙarƙashin tuta biyu.

Shehu Garbai ya zauna Monguno, ya kuma koma Kukawa da niyyar raya kangon kakanninsa, amma abin bai ɗore ba. Ingilishi suna da barikin soja a Mafoni, kusa da kogin Ngadda, kuma sun fi son Shehu ya zauna inda idonsu zai kai. Saboda haka a 1907 ya taso da fadawansa da malamansa da 'yan kasuwarsa, aka share fili aka kafa Yerwa, dab da wani tsohon ƙauyen kasuwa mai suna Maiduguri. Daga baya sunan ƙauyen ya rinjaya a bakin mutanen waje, amma har gobe ɗan gari in zai ambaci garinsa, Yerwa yake cewa. Abin lura a nan shi ne, in ban da mutanen 'yan ƙauyukan da aka tarar, kowa zuwa ya yi, har shi Shehun.

Duk wanda yake son ya karanta wannan tarihi, ba sai ya nemi littafi ba, ya taka da ƙafa daga ƙofar fadar Shehu ya bi Dandal, wannan faffaɗan titi da ake hawan salla a kansa, ya riƙa tambayar sunayen unguwanni. Ga Shehuri, unguwar Shehu da jama'arsa. Ga Limanti, ta liman. Ga Fezzan, wadda ta ci sunan ƙasar Fezzan ta kudancin Libiya, inda fataken Larabawa suka fito ta hanyar hamada. Ga Hausari, unguwar Hausawa, waɗanda Barebari ke kira Afuno. Wasunsu fatauci ya kawo su, wasu neman karatun Alƙur'ani, tun da Borno ta daɗe da shahara wajen hadda da rubutu, wasu kuma maniyyata ne da suka ɗauki hanyar Makka ta ƙasa, guzuri ya ƙare, suka tsaya neman abin ƙarasawa, aure da haihuwa suka riƙe su. Can gefe guda kuma ga unguwar da Turawa suka keɓe wa kansu nesa da talakawa, wadda manyan ma'aikata suka gada bayan 1960.

A Kasuwar Litinin, wadda gobara ta yi wa mummunar ɓarna a Fabrairun 2023, mutum zai ji Barbarci da Larabcin Shuwa da Hausa da Fulatanci da Babur da Margi, ga kuma Ibo da Yarabawa da suka ƙaru bayan jirgin ƙasa ya iso a 1964. Hausa ce akasari ke haɗa cinikin, amma hular da ke kan mai sayarwa da turaren wutan da ke tashi a rumfar na Borno ne.

Yaya aka yi waɗannan mutane suka zauna tare, alhali akwai jini a tsakanin kakannin wasunsu? Ba a taɓa kafa wani kwamitin sulhu ba, ba a kuma sa hannu a wata takarda ba. Rundunar Rabe taron ƙabilu ce da ya kwaso a hanya, wasu da son ransu wasu bisa tilas, kuma da aka watsa ta da yawa ba su da gidan komawa. Suka zauna a Borno, suka yi aure, jikokinsu suka tashi da harshen ƙasar. Gidan Rabe na Dikwa yana nan, an mai da shi wurin tarihi. Gidan sarauta kuwa ya ɗinke ɓarakarsa sannu a hankali. Sanda Kura da Faransawa suka tuɓe ya hau gadon Yerwa a 1922, sa'an nan a 1937 aka ɗauko Shehun Dikwa, Umar Sanda Kyarimi, aka naɗa shi Shehun Borno, ya yi shekara 30 a kan mulki. A ƙuri'ar raba gardama ta 1961 mutanen Arewacin Kamaru, har da Dikwa, suka zaɓi zama cikin Nijeriya. Ko wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, inda kowa ke kiran ɗan'uwansa bawansa ana dariya, ana yinsa ne tsakanin jikokin mutanen da suka gwabza yaƙi a 1808, lokacin da Birnin Ngazargamu ya faɗi.

Sai dai kada mai karatu ya zaci an gama. Layin da Turawa suka ja bai mutu da tafiyarsu ba. A Janairun 1980 Gwamnatin Tarayya ta sa aka kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno kuma jigo a jam'iyyar GNPP, aka kai shi bakin iyaka aka tura shi Chadi, wai mahaifinsa mutumin can ne, saboda haka shi ba ɗan ƙasa ba ne. Babbar Kotun Maiduguri ta soke korar, ta tabbatar masa da haƙƙinsa na ɗan Nijeriya, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta goyi bayanta. Da wannan kora ta tsaya, gidaje nawa ne a Yerwa za su kwana da kwanciyar rai? Har ila yau garin ya ga baƙar rana a Fabrairun 2006, sa'ad da aka auka wa Kiristoci aka ƙone majami'u, aka yi hasarar rayuka.

Tsarin mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa, amma shi ne kuma ya ce a ɗauki minista daga 'yan asalin kowace jiha. A tsakanin waɗannan biyu takardar shaidar asali ta sami gindin zama a duk faɗin ƙasar nan. Yaron da aka haifi kakansa a Hausari yana iya rasa gurbin karatu ko aikin gwamnati don an ce ya koma garin da bai taɓa gani ba, haka kuma Babarbaren da aka haifa a Fagge ko Tudun Wadar Zariya. Bature ya ware unguwanni don sauƙin mulkinsa da karɓar harajinsa. Mu kuma da wace hujja muke ware 'ya'yanmu?

Tun daga 2009 rikicin Boko Haram ya koro dubban ɗaruruwan mutane daga Bama da Gwoza da Monguno da sauran garuruwa zuwa Maiduguri, kuma mafi yawansu a cikin unguwanni suka sauka, gidajen 'yan'uwa da na waɗanda ba su taɓa sani ba. Daga 2021 kuma dubban mayaƙa da iyalansu suka miƙa wuya, aka shiga mai da su cikin jama'a. Wannan ya fi na zamanin Rabe wuya, domin wanda aka kashe wa uba yana raye, yana kuma iya haɗuwa da wanda ya yi kisan a bakin rijiya. Aure da daɗewar zamani sun yi maganin na da, amma sun ci shekaru masu yawa. Na yanzu yana bukatar a saurari wanda aka zalunta, a mai da masa gonarsa da gidansa, a kuma hukunta wanda laifinsa ya tabbata, kafin a roƙe shi gafara.

Jihar Borno tana kiran kanta Gidan Zaman Lafiya. Mutanen Yerwa sun taɓa ɗaukar wannan kaya sun kai shi, kuma in hukuma ta tsaya kan gaskiya ba za su kasa ba. Allah ya zaunar da Borno da ƙasarmu baki ɗaya lafiya, amin.