Tasawa da Mayahi: kushewar da ba ta da suna

Ƴan uwa manoma da makiyaya, wanda ya bi ƙauyukan Tasawa da Mayahi, har bakin Gulbin Kaba, zai ga maƙabarta bayan gari. Amma akwai kushewar da baƙo ba ya gani. Jinjirin da ya zo ba rai, a gidaje da dama cikin gida ake rufe shi, kusa da ɗakin uwa. Ba rago, ba suna, ba zaman makoki. Tsofaffi su ce: in ruwa ya zube ya bar tulu, an gode Allah. Gaskiya ne. Amma wannan tulu yana da zuciya.

Kiristoci Katolika, masu babbar majami'a a Maraɗi, suna da ƴan uwa a Faransa da suka ba wannan baƙin ciki wurin zuwa. Kudancin ƙasar akwai wani dutse mai kogo, Sant-Bom. Iyaye suna hawa da ƙafa, su yi addu'a, su raɗa ma ɗan suna, a rubuta bisa ƙaramin allo a kafa. A 2007 malamansu na Roma suka ce jinjirin da ya mutu ba baftisma, ana sa mashi ran rahamar Allah.

Nan wurinmu, sau da yawa doguwar naƙuda ce ke kashe ɗa cikin ciki, ga nisan likita, ga rairayi. In mace ta wuni bisa gwiwa ba ta sauka ba, mai gida ya ɗaura amalanke, kada a jira gari ya waye.